Wanda ya dawo daga aikin zuciya, a kula da ƙafarsa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon fili kan wani haɗari da ke biyo masu aikin zuciya har gida. Mutanenmu na Katsina da Daura suna tafiya Indiya ko Masar, wasu Abuja, a yi musu tiyatar zuciya ko a buɗe musu jijiyar da ta toshe. Kusan duk wanda aka yi wa irin wannan aiki ana ba shi hefarin, maganin tsinka jini, don kada jini ya daskare ana cikin aiki. Magani ne mai albarka, Allah kaɗai ya san rayukan da aka ceta da shi.

Sai dai a jikin wasu 'yan kaɗan, garkuwar jiki takan yi wa maganin bore. Ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su ragu, sau da yawa fiye da rabi, amma maimakon jini ya zuba, sai gudan jini ya toshe jijiya a ƙafa, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa. A takardar asibiti HIT ake rubutawa. Yakan bayyana kwana 5 zuwa 10 da fara maganin, wani lokaci ma bayan an daina shi. A daidai lokacin kuwa majinyaci ya iso gida, zaure cike da 'yan barka.

Nan ne hankalina ke tashi. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zugi, ko ta yi sanyi ƙalau yatsu su fara baƙi, sai a ce gajiyar jirgi ce, a kira wanzami ya kafa ƙaho. Numfashi ya yi sama-sama, a ce sanyi ne. In an je asibiti kuma ba takardu, likita ya ga gudan jini zai iya sake ba da hefarin, domin shi aka saba bayarwa, alhali a nan ƙara wa wuta fetur ne. Wafarin, wani maganin tsinka jini da ake sha, in aka ba da shi kaɗai a farkon ciwon ma yana iya kashe ƙafa. Akwai magungunan da ake sauyawa da su, kamar fondaparinux da argatroban, amma sai likita ya san tarihin.

Don Allah masu jinya, takardar sallama kada ta kwana a ƙasan akwati. A tafi da ita, a faɗa wa likita ranar da aka yi aikin, a nemi gwajin jini a gwada da na baya.

Malam Edita, ku gayyato mana likitan zuciya ya yi wannan bayani da Hausa a shafinku na lafiya.

Mai karatunku,
daga Ƙofar Kaura, Katsina