A riƙa kawo mana labarin tallafin karatu da bincike tun ƙofa na buɗe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da ma'aikatanku, da fatan Allah ya ƙara muku basira da ƙwarin gwiwa. Ni malami ne a wata babbar makaranta a nan Jos, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani al'amari ne da ya samu ɗaya daga cikin ɗalibaina, wanda har yau bai bar raina ba.

Yarinyar ta gama digirinta a fannin kimiyyar tsirrai da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi. Mahaifinta dankalin Turawa yake sarowa daga Bokkos ya kawo kasuwar Farin Gada, saboda haka tun tana ƙarama ta san irin asarar da manoma ke tafkawa idan cutar nan mai ƙone ganyen dankali ta faɗa wa gona da damina. Burinta ke nan, ta yi digiri na biyu a kan cututtukan amfanin gona. Wata rana sai ga ta a ofishina tana haki, ta ce, "Malam, ashe Tarayyar Turai na ɗaukar nauyin irin karatun da nake so, kuma saura kwana tara a rufe." Shirin Erasmus Mundus take nufi, wanda ɗalibi ke yin karatunsa a ƙasashe aƙalla biyu, a biya masa kuɗin makaranta, a kuma riƙa ba shi yuro 1,400 duk wata. Ba ta da fasfo. Cikakkiyar takardar makinta kuwa, da ta je nema aka ce sai ta jira, jiran da ya kai wasu watanni. Na rubuta mata takardar shaida a daren nan, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Aka rufe tana ji tana gani.

Ya Edita, ba ilimi yarinyar nan ta rasa ba. Labari ne bai iso mata a kan kari ba. Kuma na tabbata akwai irinta ɗaruruwa daga Gangare zuwa Unguwar Rogo, daga Bukuru zuwa Mangu. Sanarwar waɗannan guraben da Turanci take fitowa, a shafukan intanet na ofisoshin jakadanci da jami'o'i, ta yi ta yawo a tsakanin waɗanda dama suka san hanya. Ɗan wanda ya taɓa fita shi ke sake fita. Iyayen da ke sauraren rediyo da Hausa, waɗanda su ne za su ba 'yarsu izini su kuma haɗa mata kuɗin fasfo, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne yawancin shirye-shiryen nan lokacinsu sananne ne kamar lokacin shuka. Chevening na Birtaniya, wanda aka fara tun 1983, galibi a watan Agusta yake buɗewa, kuma yana son wanda ya yi aiki na shekara biyu, sannan ya yi alkawarin komowa gida bayan karatu. Tallafin gwamnatin Turkiyya daga Janairu ne zuwa Fabrairu. Kwasa-kwasan Erasmus Mundus galibi daga Oktoba zuwa Janairu suke karɓar takardu. Hukumar DAAD ta Jamus ma tana da wani tsari da ba sai ka tsallaka teku ba, a nan Afirka za ta ɗauki nauyinka, ko a ƙasarka ko a wata ƙasar yankin. Ga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda da nasa tallafin, ga Jami'ar Tarayyar Afirka da reshenta na kimiyyar rayuwa da ƙasa ke Ibadan. Wanda ya san wannan kalanda tun wata shida kafin lokaci zai yi fasfo a tsanake, ya bi takardunsa, ya rubuta bayanin manufarsa ya ba malamai biyu ko uku su duba masa.

Inda kuma labarin gaskiya bai kai ba, 'yan damfara sun riga sun kai. Na ga uban da ya sayar da ɗan filinsa ya miƙa wa wani mai shagon intanet kuɗi don wai ya samo wa ɗansa gurbi a Turai. Neman Chevening kyauta ne, na Turkiyya kyauta ne, na DAAD ma haka. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai shigar da sunan yaro ta bayan gida, ɓarawo ne. Wannan jimla ɗaya da za a riƙa maimaita ta da Hausa, da gidaje da yawa sun tsira da dukiyarsu.

To wannan ɓangaren ɗalibai ke nan. Na malamai da masu bincike ya fi damuna, domin a nan kuɗin ya fi yawa, kuma a nan muka fi yin barci. Asusun bincike na Tarayyar Turai mai suna Horizon Europe an ware masa yuro biliyan 95.5 daga 2021 zuwa 2027, kuma jami'o'in Najeriya na da damar shiga cikin ayarin masu nema a biya su rabonsu. Mu mutanen Jos bai kamata a ce ana ba mu labarin amfanin irin wannan ba, domin a gabanmu yake. A 2014 Bankin Duniya ya ƙaddamar da shirin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, Najeriya ta samu guda goma a zagayen farko. Ɗaya tana Jami'ar Jos, kan binciken magungunan da ake samu daga tsirrai. Ɗaya tana Jami'ar Bayero ta Kano, kan noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, wata kuma tana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mutane da yawa ba su san cewa wannan kuɗin rance ne mai sauƙi da gwamnati ta karɓo da sunanmu ba. Tun da mu da 'ya'yanmu za mu biya, ai hakkinmu ne mu san ƙofar shiga. Haka nan a dajin Amurum da ke Laminga akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma ke zuwa yin digiri na biyu. Sau nawa aka taɓa yi wa mai sauraren Hausa bayaninta?

Amma misalin da na fi so in tsaya a kansa yana Vom. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi tana can tun 1924, kuma cutar bushiya na cikin manyan dalilan kafa ta. Dattawan Fulani sun san bushiya, sun san yadda take shiga garke ta bar mutum da sanda kawai. An yi ta yin allurar rigakafi, amma saniya ba ta san iyakar ƙasa ba. A yi wa na Borno, na Diffa su shigo da ita. Sai a 1962 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa kai a yankin Tafkin Chadi, da tallafin kuɗi daga Turai da Amurka, aka bi shanu da allura a lokaci guda, daga baya aikin ya bazu zuwa wasu ƙasashen. Da shirin ya ƙare aka yi sakaci, cutar ta dawo da ƙarfinta a farkon shekarun 1980 ta yi wa makiyayanmu mummunar ɓarna. Aka sake ɗaura ɗamara, nahiyar gaba ɗaya a wannan karon, har a 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya. Ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana. Duk lokacin da na bi hanyar Vom sai na tuna cewa da hannun mutanen wurin nan a wannan nasara, kuma da ƙasa ɗaya ce ta tsaya ita kaɗai da ba a kai ga haka ba.

Masu ba da tallafi sun koyi wannan darasin, shi ya sa yawancin manyan kuɗaɗen yanzu ba a ba jami'a ɗaya tilo. Sai an haɗa ayari daga ƙasashe daban-daban. Akwai ma shirin Tarayyar Turai na musayar ɗalibai da malamai tsakanin jami'o'in Afirka su ya su. A nan ne nake ganin muna zaune kan dukiya ba mu sani ba. Akwai Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo a Maraɗi, akwai Jami'ar André Salifou a Damagaram, akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Matsalolinmu iri ɗaya ne: kwararowar hamada, fari, tsutsar gero, cutar sanƙarau da ke zuwa da bazara, rikicin burtali. Su da Faransanci suka yi karatu, mu da Turanci, sai kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana neman abokin aiki a Landan ko Faris. Alhali in malamin Jos ya zauna da na Maraɗi, Hausa za su yi, kuma manoman da za su yi wa tambayoyi da Hausa za su amsa. Na san dangantakar gwamnatoci ta yi tsami tun juyin mulkin Yulin 2023, har Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Sai dai hamada ba ta dakata ba, fatake ma ba su daina bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ba. Ban ga dalilin da zai sa malamai su jira 'yan siyasa su shirya kafin su rubuta wa junansu wasiƙa ba.

Ba zan ɓoye cewa kuɗin waje na da nasa aibin ba. Mai ba da kuɗi shi ke zaɓar abin da za a bincika, wani lokaci abin da ya dame shi daban, wanda ya dami manomin Bokkos daban. Wasu daga cikin yaran da ake turawa ba sa dawowa, kuma wannan na min ciwo. Mun kuma ga yadda Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, wato USAID, a 2025, ayyuka suka tsaya cak a dare ɗaya. Ƙasashen Afirka sun daɗe da yin alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu kan bincike, Najeriya ba ta kai nan ba, kuma abin da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ke bayarwa bai isa ba. Dole mu ci gaba da matsa wa gwamnati a kan wannan. Amma kafin ta cika alkawari, yarinyar da na ba ku labarinta shekarunta tafiya suke yi.

Roƙona gare ku, ya Edita, ku ware fili na dindindin, ko da sau ɗaya ne a wata, wanda zai riƙa sanar da guraben da za su buɗe nan da wata uku ko shida, da sharuɗɗansu, da takardun da ake buƙata, cikin Hausar da uwa da uba za su gane. Ku riƙa gayyato waɗanda suka je suka dawo su faɗi yadda suka cika fom da inda suka yi tuntuɓe, musamman mata, don iyaye su ji daga bakinsu yadda zaman can yake. Ku kuma nemi malaman Maraɗi da Damagaram ku ji abin da suke bincike a kai, domin na san suna bibiyar kafofin Hausa na Najeriya kamar yadda muke bibiyar nasu.

Ɗalibar tawa yanzu ta yi fasfo, takardar makinta ma ta fito. Mun zauna da ita da wasu abokan karatunta huɗu mun rubuta ranakun buɗewa da rufewa a jikin allon ofishina, kuma duk ranar Asabar bayan la'asar suna kawo abin da suka rubuta mu gyara tare. Idan kun buɗe filin da na roƙa, a shirye nake in riƙa aiko muku da abin da ke kan allon nan ba tare da an biya ni ko kwabo ba.

Na gode. Wassalam.

Naku,
Wani malami mai bibiyar ku,
daga Jos, Jihar Filato