Abin da ke sa fetur ya fi tsada a Maiduguri

Malam Edita, assalamu alaikum.

Masu cewa gidajen man Arewa sun cika zari, a duba lissafin tukuna. Kafin cire tallafi a Mayun 2023, asusun gwamnati na daidaita farashin mai a faɗin ƙasa ne ke biyan kuɗin dakon mai zuwa nesa. Yanzu mai saye ke biya a bakin famfo. Tanka mai lita 45,000 za ta taso daga Legas, ta ci sama da kilomita 1,500 kafin Maiduguri, tana shan dizal, ramuka na cin taya, ga shingaye. Bututun da ya kamata ya kawo mai defon Kano da na Gusau a bushe yake, matatar Kaduna kuwa shiru. In dala ta tashi, farashin defo ya tashi, sannan kuɗin dako ya hau kai.

Naku, mai karatu daga Kano.