Wasiƙar Kirsimeti zuwa gida, Zuru

Zuwa ga Baba da Inna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da Kirsimeti. Ina fata hunturun bana bai tayar wa Baba da ciwon ƙafa ba, an kuma gama shigo da dawa lafiya. A gaishe mini da Yaya da yaranta, da Kawu na Dabai, da Auta. Na san yanzu 'yan zumuntar mata sun hana unguwa barci da koyon waƙa, Inna kuma tana kan gaba.

Nan Ingila kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya rufe. Ran Kirsimeti ina bakin aiki, shi ya sa na zauna tun yau in rubuta. Akwai kuma maganar da bakina ya kasa faɗa a waya.

Baba, ba a ofis nake aiki ba. Tun zuwana a 2022 a gidan kula da tsofaffi nake. Ina yi musu wanka, in canza musu ƙunzugu, in ba su abinci a baki, awa 12 a tsaye. Motar da kuka gani a hoto ta maƙwabcina ce. Kuɗin kwanon rufin majami'a da na aiko bara, da Fasto ya kira sunana a sujadar godiyar kaka aka yi ta tafi, rabinsu bashi na ci. Inna ta turo mini bidiyon tana murna, ni kuwa na kalla sau ɗaya ban iya sake buɗe shi ba.

Ga abin da ya sa na fasa ɓoyewa. Akwai wata tsohuwa a ɓangarenmu, 'yar shekara 91, ba ta iya ko juyawa da kanta. Ƙa'ida ce a juya ta duk bayan awa 2 don kada kwanciya ta ci mata fata, a kuma rubuta. Wani dare mu biyu kacal muka kwana aiki, gajiya ta ci ƙarfina, na tsallake juyin ƙarfe 2 da na ƙarfe 4, na rubuta an yi. Da safe ina yi mata wanka sai na ga ƙugunta ya yi jawur, faɗin tafin hannu. Ina cikin dubawa ta kamo yatsuna da hannunta mai sanyi, ta ce ta gode. Ba wanda ya sani sai ni da Allah.

Kwana uku ina fama da zuciyata. Bizata a ɗaure take da masu gidan, in suka sallame ni kwana 60 ake ba mutum ya sami wani wurin, ko ya tattara. Ran Lahadi sai ga karatu daga Ayyukan Manzanni sura 5, labarin Hananiya da Safiratu. Tun ina ƙarami na ɗauka rowa ce ta kashe su. Ranar na ji Bitrus da kyau: gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. So suke a gan su sun ba da duka alhali ba su bayar ba. Na ga kaina a takardar tsohuwar nan, na ga kaina a kwanon majami'armu. Washegari na je wurin shugabarmu na faɗa mata kome. An ba ni gargaɗi a rubuce, aka mayar da ni horo, ba a kore ni ba. Fatar baiwar Allah ta warke, kuma ni nake juya ta har yau.

Abin da ya fi damuna Auta ne. Ya ce mini zai sa a sayar da gonar fadama ya ba wani dillali, don ya biyo ni. Hotunana ne suka ruɗe shi, laifin a wuyana yake. Auta, saurara: tun Maris 2024 aka hana sababbin masu zuwa irin aikina kawo iyali, a Yuli 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Duk wanda ya ce zai samo maka wannan bizar, cin kuɗinka zai yi. Baba, don Allah kada a taɓa gonar nan.

Ku kuka sa muka haddace Filibiyawa sura 2 a gindin fitila, cewa kada mu yi kome don sonkai ko neman yabo. Wanda muke bikin haihuwarsa a komin dabbobi aka kwantar da shi, da ya girma kuma ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Ni da nake riƙe da tawul kullum, kunyar aikin na yi ta ji shekara da shekaru. Ku gafarce ni.

Na aiko da ɗan abin da ya samu, bai kai na bara ba, amma babu bashi a cikinsa. A sayi kaji da shinkafa, a ɗinka wa yaran Yaya. Abin da kuka ware na baiko a jefa a kwando kawai, a roƙi Fasto kada ya ambaci sunana. In kun ga ya dace ya san zancen kwanon rufin, ni zan kira shi da kaina.

Zan buga waya ran 26 da yamma in na tashi daga aiki. Inna, a ajiye wayar kusa, ina so in ji waƙar da kuka rera.

Ɗanku mai ƙaunarku.