A Fito da Tseren Gokat Kan Titi, Amma a Yi Shi da Tsari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani wasa da ban taɓa ganin an ba shi ko layi biyu a shafinku na wasanni ba, wato tseren ƙananan motocin nan da ake kira gokat. Ni mutumin Kano ne, neman abinci ya kawo ni Amurka, inda nake tuƙin babbar mota a yankin da kogin Misisipi ya raba jihar Iowa da jihar Illinois. Kafin in baro gida na yi shekaru ina kanikanci, shi ya sa duk abin da ke da inji da taya ba ya wuce ni ban tsaya na duba ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa ba na daɗi ba ne. Kwanakin baya aka kira ni daga gida aka ce ɗan maƙwabcinmu ya rasu. Yaro ne ɗan makarantar allo da boko, yana tsaye bakin titi yana kallon samari masu wasan mota a wajen ɗaurin aure, motar ta ƙwace wa mai tuƙin ta yi kan jama'a. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyayensa haƙuri. Shi kansa direban, in ji waɗanda suka gani, bai kai shekara ashirin ba. Tun daga ranar nake tunanin waɗannan samarin. An yi musu faɗa, an yi musu wa'azi, an kama wasu, wasan bai tsaya ba. Akwai wani ƙaiƙayi na son gudu da son a ga ƙwarewarka a jinin matashi, kuma mu ba mu ba shi inda zai sosa ba sai titin da 'ya'yan mutane ke bi.

Tsallaken kogi daga inda nake zaune akwai wani ƙaramin birni mai suna Rock Island. A shekarar 1994 mutanen garin suka fara rufe wasu titunan tsakiyar birninsu domin tseren gokat, a ƙarshen makon hutun ranar ma'aikata ta Amurka, wadda ke faɗowa Litinin ta farko a watan Satumba. Sunan gasar Rock Island Grand Prix, kuma ta yi suna har ana kiranta mafi girman tseren gokat na kan titi. Na halarta fiye da sau ɗaya, kuma gani ya kori ji. Titin da na saba bi in je banki, shi ne aka jera wa shinge gefe da gefe, aka sa dammunan ciyawa da katangun roba a kowace kwana, aka kafa ragar waya tsakanin motoci da 'yan kallo. Ba a karɓi ko sisi a hannuna ba kafin in tsaya in kalla. Masu gidajen abinci suka fito da tebura waje, tsofaffi suka zo da kujerunsu na naɗewa, yara suna maƙale da raga suna toshe kunne suna dariya.

Ga wanda bai taɓa ganin gokat ba, bari in kwatanta masa ita da idon bakanike. Firam ne na bututun ƙarfe, da ƙananan tayoyi huɗu, da kujera ɗaya, da sitiyari, da inji a gefen direba. Ba ta da rufi, ba ta da ƙofa, ba ta da sifirin ko shakazoba, firam ɗin ne da kansa ke lanƙwasawa ya sha wahalar hanya. Tayoyin baya biyu suna kan sandar ƙarfe guda, tare suke juyawa, don haka in za a sha kwana sai tayar baya ta ciki ta ɗan ɗaga kafin motar ta yarda ta juya. Nan ne ƙwarewar direba da ta mai saita motar take. Mazaunin direba kuwa bai fi faɗin yatsu biyu ko uku tsakaninsa da kwalta ba, shi ya sa gudun kilomita 70 a cikinta sai ka ji kamar kana tashi sama. Akwai masu ƙaramin inji na yara da 'yan koyo, akwai kuma masu giya shida da injin 125cc, waɗanda kan haura kilomita 130 a awa idan sun samu miƙaƙƙiyar hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rukunin da ya fi yawan mahaya. Injin da suke amfani da shi, Briggs & Stratton 206, da na leƙa shi sai na ga ɗan'uwan injin ban-ruwa ne da injin markaɗe da kowane yaron gareji a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ta Kaduna zai kwance ya ɗaura ido rufe. Kamfanin kan buga masa hatimi don kada kowa ya buɗe cikinsa ya ƙara masa ƙarfi. Ta haka ɗan mai kuɗi da ɗan talaka suke shiga fili da ƙarfi ɗaya, hannu ne kawai zai raba su. Asalin wasan ma haka yake. Wani maƙerin motocin tsere mai suna Art Ingels ne ya haɗa gokat ta farko a California a 1956, da guntayen bututu da injin yankan ciyawa, kuma a filin ajiye motoci aka fara guje-gujen. Abu ne da aka haifa a gareji, ba a fadar masu hali ba.

Daga wannan ƙaramar motar manyan direbobin duniya suka fito. Ayrton Senna na Birazil, wanda ya ci kambun Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, sau uku, a kan gokat da mahaifinsa ya haɗa masa ya koyi riƙe sitiyari. Lewis Hamilton na Ingila, mai kambu bakwai, ya fara tseren gokat a 1993 yana ɗan shekara 8, mahaifinsa yana haɗa ayyuka biyu zuwa uku don ya biya kuɗin taya da mai. Danica Patrick, macen da ta yi fice a tseren motoci a nan Amurka, a jihar Illinois ta girma, ita ma da gokat ta fara tana 'yar shekara 10. Matasanmu da ke kwana kallon Hamilton a waya, da yawansu ba su san daga ina ya taso ba.

To me ya sa nake cewa a fito da shi kan titi, tunda ana iya gina masa fili na musamman? Saboda fili na musamman yakan kasance a bayan gari, cikin katanga, da kuɗin shiga, kuma wanda ya riga ya san wasan ne kaɗai zai nufe shi. Wuraren hawa gokat da ake da su a Legas da Abuja mafi yawansu na shaƙatawa ne, mai hali ya kai 'ya'yansa su zaga sau biyar a ɗauki hoto a tafi. Ɗan mai shayi ba zai taɓa sanin da su ba. Amma in an rufe titi a tsakiyar gari, wasan ne ya zo ya sami mutane. Na ga haka da idona a Rock Island: wani uba ya ɗauki 'yarsa a kafaɗa, da aka gama zagaye ya bi ta wajen da ake gyaran motocin, ya tsaya yana tambayar wani direba nawa ake sayen ta hannu, kuma a ina ake koyo. Mai kaya ne ya fito da hajarsa bakin hanya ranar kasuwa. Ko manyan gasannin sun san wannan sirrin, domin tun 1929 ake tsere a titunan Monako a Turai, kuma har yau tana cikin gasannin da suka fi jan ido.

Na san abin da mai karatu zai ce: kai da ka fara da labarin yaron da mota ta kashe a titi, kai ne kuma kake neman a kawo tsere titi? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Titi ya fi fili haɗari, wannan gaskiya ne. A fili in direba ya kuskure, ciyawa ko yashi zai faɗa. A titi kuwa turken wuta ne da bakin kwalbati ke jiransa. Direban gokat ba shi da bel, ba shi da kejin ƙarfe, abin da ke tsakaninsa da ajali shi ne hular kwano, da matashin wuya, da rigar kare haƙarƙari, sai kuma shingen da aka jera. 'Yan kallo ma suna cikin lissafi. A 1955 a tseren motoci na Le Mans ta Faransa mota ta tashi ta faɗa cikin jama'a, mutum fiye da 80 suka mutu, har ƙasar Suwizalan ta haramta irin wannan tsere na zagaye na shekaru masu yawa. Ko a 2023 a gasar Formula 1 ta titunan Las Vegas, da duk kuɗin da aka zuba, murfin ramin ruwa guda ɗaya da ya ɓalle a titi ya ragargaza ƙasan motar Ferrari, aka dakatar da gwaji. In haka ta faru a can, sai mu yi tunanin titunanmu masu ramuka da buɗaɗɗun kwatoci.

Bambancin da ke tsakanin abin da ya kashe ɗan maƙwabcinmu da abin da na gani a Rock Island shi ne tsari. A can ba a kunna inji ko ɗaya sai an duba kowace mota, birki da sitiyari da nauyi. Ana raba direbobi gwargwadon shekaru da ƙarfin inji. A kowace kwana akwai mai tuta, in ya ɗaga rawaya kowa ya rage gudu kuma ba a wuce juna, in ya ɗaga ja an tsaya ke nan. Motar asibiti tana ajiye a gefe da ma'aikatanta a ciki tun safe. Mai son tsallaka titi sai ya jira a buɗe masa ƙofa tsakanin zagaye da zagaye. Yawancin masu wannan aikin kuwa 'yan sa-kai ne na garin. Duk wanda zai kawo wannan wasa gida ba tare da waɗannan ba, ni ne na farko da zan ce a hana shi.

Rufe titi don taro ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da Sallah akan rufe hanyoyin Kano da Katsina da Zazzau saboda hawa, dawakai su yi sukuwa a gaban dubban jama'a. Legas tana rufe manyan hanyoyinta don gudun fanfalaki tun 2016. Abin da ya rage mana shi ne ladabin tsayawa bayan shinge, domin doki yakan ga mutum ya kauce, gokat kuwa ba ta gani. A ra'ayina a fara da ƙarami ƙwarai: zagaye guda da bai kai kilomita ɗaya ba, a unguwa mai faɗin tituna da kwalta mai kyau kamar wajen filin sukuwa a Nasarawa, ranar Lahadi da safe, bayan damina ta ɗauke. Kada a kusanci Kantin Kwari ko Sabon Gari, kada a tare wa kowa hanyar masallaci ko asibiti, kuma a zauna da masu shaguna da masu unguwa tun da wuri, domin mutumin da aka rufe wa ƙofar cinikinsa ba shawara ba zai taɓa son wasan ba. A yi amfani da masu ƙaramin inji kaɗai a shekarun farko. Masu giya shida su jira.

Sai dai akwai wani abu da nake tsoro fiye da haɗari, shi ne a mayar da abin bikin rana ɗaya. A tara manyan baƙi a rumfa, a yi jawabai, yara su ga motoci su yi sha'awa, gari ya waye a kwashe shinge, shi ke nan sai baɗi. Yaron da aka kunna wa wuta a zuciya ranar Lahadi, ina zai je ranar Litinin? In babu amsa, motar babansa zai sata ya koma inda muka fito. Tseren titi talla ne, shagon kuwa shi ne wani ɗan fili na dindindin, ko da tsohon filin ajiye motoci ne da aka kewaye da tsofaffin tayoyi, inda za a riƙa koyarwa duk mako da kuɗi kaɗan. Direbobin da na gani a Rock Island, duk shekara a irin waɗannan filaye na ƙungiyoyinsu suke gogewa, sau ɗaya tak suke fitowa titi. Makarantun koyon sana'a kuma za su iya shiga ciki, ɗalibai su ƙera firam da hannunsu a ƙarƙashin ma'auni guda, masu walda da masu faci da kanikawa su samu aiki.

Ya Edita, roƙona gare ka shi ne ka tura wakilinka na wasanni ya tuntuɓi ƙungiyar Automobile and Touring Club of Nigeria, wadda ke wakiltar hukumar tseren motoci ta duniya FIA a ƙasarmu, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, da hukumomin wasanni na jihohinmu, a ji ko suna da wani shiri a kan wannan, kuma me ake bukata kafin a ba da izini. Ya kuma je ya zauna da samarin nan masu wasan mota ya tambaye su ko za su yarda su sa hular kwano su bi tuta in an ba su fili. Ni dai a nawa ɓangaren, in Allah Ya kai ni gida hutu, a shirye nake in zauna da duk wani malamin gareji mai sha'awa mu zana firam ɗin farko.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Mai karatunku a kullum,
daga Davenport, jihar Iowa, Amurka