Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: A Bar Yaranmu Su Taɓa Kwamfuta Kafin Ranar JAMB

Mai girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni malamin sakandare ne a cikin birnin nan, na daɗe ina shan ƙurar alli. Maganar laburare ce ta sa na ɗauki alƙalami. Zancen albashi da kujerun aji yana nan, amma a bar shi sai wata rana.

Tun 2015 hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, jarrabawarta ta koma kan kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku kowanne 40. WAEC ma ta fara bin wannan hanya a 2024 da ɗalibai masu zana jarrabawa da kansu. Na taɓa koyar da wani yaro da babu kamarsa a lissafi a ajinsu, mahaifinsa ɗan dako ne a kasuwar Kantin Kwari. Ranar jarrabawar ce ranarsa ta farko a gaban kwamfuta. Da ya dawo na tambaye shi ya aka yi, sai ya ce, "Malam, wallahi na san amsoshin, hannuna ne ya yi ta rawa, ina tsoron in danna wani abu komai ya goge." Maɓallan da ake buƙata takwas ne kacal: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na ci gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na fasa miƙawa. Tsakanin la'asar da magariba za a koya wa yaro wannan har ya saki jiki. To amma ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa a ranar aka miƙa masa goran.

Mai hali zai kai ɗansa cibiyar kwamfuta ta kuɗi ya yi ta gwaji, ko ya saya masa data ya yi a gida. Datar ma ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Ɗan talaka kuwa ina zai dosa? A ganina amsar tana kan titin Ahmadu Bello, a Laburaren Murtala Muhammad, da rassan hukumar laburare ta jiha a duk inda suke.

Ranka ya daɗe, kada wani ya shigo ofis ya ce maka abin sai an kashe biliyoyi. Yawancin kayan karatun kyauta suke, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ta zuba littattafan darussanta a intanet, kowa na iya saukewa ba ko kwabo. Akwai manhajar Kiwix da ke ɗauke Wikipedia ɗungurungum, har da ta Hausa, ta ajiye a kwamfuta a riƙa karantawa babu intanet. Akwai Kolibri, wadda aka ƙera musamman don wuraren da sabis ba ya kaiwa: a zuba darussa a kwamfuta ɗaya, sauran na ɗakin su riƙa ɗiba daga gare ta. Ɗaliban Islamiyya da malaman zaure kuwa ba sai an gabatar musu da Shamila ba, rumbun dubban littattafan Larabci da ke shiga cikin kwamfuta guda. Abin da zai ci kuɗi shi ne na'urorin, da sola (don kowa ya san halin wutarmu), da mutum mai haƙuri da zai tsaya kan yaro ya ce masa, "Danna nan, ba abin da zai lalace."

Wannan mutumin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi mantawa. Mun sha ganin inda aka sayi kwamfutoci, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoto, daga nan aka lulluɓe su da leda aka kulle ɗaki don kada yara su ɓata. Kwamfutar da ake tsoron a taɓa, ita da babu duk ɗaya. Ga 'yan hidimar ƙasa ana turo mana su duk shekara, ga matasanmu da suka shiga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, da aka fara a 2023, ga ɗaliban Jami'ar Bayero. A ba su ɗan alawus da jadawali, za su koyar.

Kuma ba 'yan makaranta kaɗai ba. Da hantsi, lokacin da yara ke aji, a ware sa'o'i na mata zalla, mace ta koyar da su. Matar da ke sayar da turaren wuta ko atamfa ta WhatsApp tana buƙatar sanin yadda za ta tabbatar kuɗi sun shiga asusunta kafin ta saki kaya. Dattijon da aka bugo wa waya aka ce daga banki ne, ya karanto lambar da aka turo masa, zama ɗaya da Hausa ya isa ya hana a kwashe masa fanshonsa. Cike fom na neman aiki ko na tallafin karatu ma, sau nawa ake biyan mai shago ya cike wa mutum, ya kuskure suna ko ranar haihuwa, a yi wata da watanni ana yawon gyara?

Na san akwai American Corner, sashen karatu na Amurkawa, a cikin harabar laburaren, suna shirya tarurruka da darussa kyauta, an kuma gode musu. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Abin ofishin jakadancin Amurka ne, tsarinsu ne, ranar da suka ga dama za su sauya shi. Kuma yaron Doguwa ko Tudun Wada ba zai biya kuɗin mota zuwa unguwar Nasarawa, inda laburaren yake, duk Asabar ba. Ƙananan hukumomi 44 gare mu.

A watan Yunin 2024 ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, muka yi murna. Roƙona, a sa laburare cikin lissafin. Rajistar JAMB takan buɗe ne a farkon shekara, jarrabawar ta biyo baya wajen watan Afrilu. Kafin zagayowar ta gaba, a fara da babban laburaren da reshe ɗaya a kowace shiyyar sanata, a buɗe ranakun Asabar da Lahadi, a sanar a gidajen rediyo cewa gwajin jarrabawa kyauta ne, duk yaron da ya zo da takardar rajistarsa a ba shi kujera. Idan an rasa mai tsayawa ranar Asabar, a rubuta sunana na farko.

Allah ya taimaki Gwamna, ya yi riƙo da hannunka.

Naka,
Wani malamin sakandare, Kano