Rahoton Kwamitin Gyaran Hanyar Fadama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan bayani ne daga kwamitin da jama'a suka naɗa a ƙofar mai gari domin gyaran hanyar da ta taso daga fadama, ta ratsa gari, ta haɗe da kwaltar da ke zuwa Sakkwato. Alhamdu lillahi, aiki ya kammala, injiniya ya sa hannu, motoci suna bi. Mun rubuta shi ne musamman saboda 'yan uwanmu na Legas da Abuja da Kano, waɗanda suka turo kuɗinsu ba su ga aikin da idonsu ba, kuma suka yi ta tambayar abin da ya sa aka shafe fiye da shekara ba a zuba ko tifa ɗaya ta ƙasa ba. Haƙƙinsu ne su ji.

Halin da hanyar take ciki a da ba sai an faɗa wa ɗan gari ba. Lokacin cire albasa, manyan motoci a bakin kwalta suke tsayawa, a riƙa jido buhuna da amalanke da jakuna, a biya dako sau biyu, sannan dillali ya zaftare wannan kuɗin daga farashin manomi. Da damina kuwa, in ruwa ya yanke mashigin gindin tsamiya, ko mai naƙuda sai ta jira ya janye.

Da farko jiha muka kai wa kuka, a zatonmu babban gida ake nufa da babbar buƙata. A can aka zaunar da mu aka yi mana karatun da ya kamata a ce mun sani tun kafin mu hau mota. Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Tamu a kashi na uku take. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da kula da irin waɗannan hanyoyi da magudanan ruwa. Jihar Sakkwato kuwa ƙananan hukumomi 23 gare ta, kuma babu wadda ba ta da mashigi irin namu. Saboda haka aka ce za a taimaka, amma ba jiha ce za ta fara sa hannu a aljihu ba.

Takardar da muka dawo da ita ta faɗi sharuɗɗan ƙarara. Sai sunan hanyar ya fito a kasafin kuɗin ƙaramar hukuma na shekarar. Sai ƙaramar hukuma ta fitar da nata kason, ta kashe shi a kan wannan hanya, ba wata ba, ta kawo rasit, injiniyan jiha ya zo ya ga aikin a ƙasa. Alkawari ba ya wadatarwa, takardar amincewa ma ba ta wadatarwa. Sai abin da aka kashe aka gani. Bayan haka a rubuta cewa za a riƙa ware kuɗin kula da hanyar duk shekara, mu kuma mutanen gari mu ba da filin da aikin zai ci, da ramin ɗibar ƙasa, ba tare da rigimar diyya ba.

Sharaɗin farko shi ya cinye mana shekara. Mun je ne bayan an riga an rufe kasafi, ba yadda za a yi sai jiran na gaba. A cikin jiran nan ne Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin nan na watan Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, maimakon bi ta asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 ya tanada. Samarinmu suka yi ta murna a majalisa, wai yanzu kuɗi zai kwararo. Kwamiti bai sa wannan a lissafinsa ba. Abin da muka yi shi ne bin kansilanmu ƙafa da ƙafa har sunan hanyar ya shiga takarda.

Gaskiya a lokacin mun ɗauki sharuɗɗan nan kora da hali. Daga baya muka gane ba mu kaɗai ake yi wa haka ba. Ita kanta jiha, a shirin hanyoyin karkara na RAAMP da Bankin Duniya ke tallafawa, sai ta zuba nata kason. Wanda ya sa kuɗinsa a abu ba ya kawar da kai in ana ɓata shi, kuma mun ga haka da idonmu: tun da kuɗin ƙaramar hukuma ya shiga kwalbatocin hanyar nan, jami'in ayyukanta bai taɓa barin mako ya wuce bai zo a kan babur ba.

Akwai jinkirin da laifinmu ne, ba za mu ɓoye ba. Fayil ɗinmu ya dawo sau biyu. Na farko, a kasafi an rubuta hanyar da sunan gari, mu kuma a wasiƙarmu muka kira ta da sunan fadama, sai ta zama kamar hanyoyi biyu ne. Na biyu, wanda ya kawo yashi da tsakuwa ya rubuta mana rasit a fallen littafin makaranta, ba hatimi ba kwanan wata. Ma'ajinmu ya sha rana kafin a gyara. Duk garin da zai bi sawunmu, ya riƙe suna ɗaya tun daga takardar farko, kuma kada ya karɓi rasit marar hatimi ko daga hannun surukinsa ne.

Ƙiyasin da muka fara da shi an yi shi ne kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kafin kuma tashin farashin siminti na farkon 2024. Dole aka rage buri. Kwalbati uku muka so, biyu aka yi. A wuri na uku, inda ruwan ba shi da zurfi, aka yi daɓen kankare ruwa ya riƙa bi ta kai. Sauƙin da muka samu shi ne simintin na masana'antar Kalambaina ne da ke nan Sakkwato, bai yi doguwar tafiya ba.

Zubin kwalbatin gindin tsamiya ya faɗo cikin azumi, ga zafin bazara. Ana sallame asuba ake fara kwaɓi, kafin hantsi ya dubi ludayi an tashi. Mata da yara suka ɗauki nauyin ruwa, jarka bayan jarka daga rijiyar fadama, aka jiƙa tsofaffin buhunan albasa aka lulluɓe kankaren, ana yayyafa masa safe da yamma yadda injiniya ya ce. Ranar da ya zo dubawa, ya tsuguna a fiffiken gabas, wato katangar gefen bakin kwalbatin, ya murza gefen da babban yatsa, sai ga shi yana zuba. Ya dubi birkilan ya ce, "Malam, wannan ai dambu ka yi mana." An rage siminti a kwaɓin. Aka fasa wannan ɓangaren aka sake, a kuɗin wanda ya karɓi aikin. Ba mu ji daɗin ranar ba, don kusan sati biyu ta ƙara mana, amma da an rufe shi da ƙasa haka nan, ruwan Agusta ne zai tona mana asiri. Akwai kuma sawun jaki guda a kan daɓen, wanda ya tsallake tsaron yara da dare. Mun bar shi.

Da injiniya ya sa hannu a kan kwalbatocin, kason jiha bai daɗe ba. Gireda da rola da tankar ruwa suka iso, aka yi ta zuba jar ƙasa ana dannewa, aka yi wa hanyar doro a tsakiya don ruwa ya gangare gefe, aka yanke magudana dama da hagu. Mun ajiye yara biyu a bakin rami da bakin aiki suna ƙirga tifa, kowa da littafinsa, da yamma a gwada. Ta haka aka gane wani direba yana kawo rabin lodi, aka sallame shi.

Maganar fili ta zo da sauƙi fiye da yadda muka ji tsoro. Uban ƙasa da kansa ya zagaya gonakin da aikin zai taɓa. Wata dattijuwa da za a matsar da darninta ba ta bari ya gama bayani ba, ta ce, "Ranka shi daɗe, wagga hanya ta ci muna jakkai da yawa, ku ɗebe." Samari suka mayar mata da darnin a yinin, suka ƙara mata sabbin zana. Allah Ya saka wa duk wanda ya ba da taƙi ɗaya na gonarsa.

Game da kuɗi: kason ƙaramar hukuma da na jiha ba su taɓa shiga hannun kwamiti ba, kai tsaye aka biya masu aiki. Abin da muka riƙe shi ne gudummawar gari, wadda ta tafi a yashi, tsakuwa, abincin masu gayya da zirga-zirgar takardu. An karanta lissafin bayan sallar Juma'a, littafin yana wurin ma'aji, kwafi yana gidan mai gari, an kuma sa hotunan shafukan a zauren WhatsApp na gari. Ragowar siminti da rodi suna zauren mai gari.

A sani, hanyar nan jar ƙasa ce, ba kwalta ba, kuma sharaɗin kuɗin kula da ita yana nan a wuyanmu. Takardar ta ce in kuɗin kula da ita bai fito a kasafin ƙaramar hukuma ba, kada a sake zuwa neman wani taimakon. Don haka muna roƙon a sauke wannan kwamiti a naɗa ƙarami, mai aiki biyu: bin kansila kafin a rufe kasafi, da hana babbar mota mai lodi hawa hanyar washegarin ruwan sama. Tuni an fara zuba shara a magudanar bayan kasuwa. Za a yi gayyar yashe ta ranar Asabar bayan asuba, kowane gida ya turo mutum ɗaya da shebur ko kwando.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamiti.