Dokar taba a Birtaniya na buƙatar masu sa ido

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan ƙudurin dokar taba sigari na Birtaniya, wanda ya tanadi haramta sayar da taba ga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2009 zuwa gaba. Gwamnatin Rishi Sunak ce ta fara kawo shi a 2024, sannan gwamnatin Keir Starmer ta sake gabatar da shi.

Ina goyon bayan manufar, domin taba na hallaka kimanin mutum 80,000 duk shekara a nan Birtaniya. Damuwata ita ce aiwatarwa. A unguwarmu akwai shagunan da ake miƙo kwalin taba ta fasa-ƙwauri daga ƙarƙashin kanta, a farashin da bai kai rabin na halak ba, kuma ba a tambayar kowa shekarunsa. Irin wannan mai shago, da tuni ya take dokar hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 taba, ba sabuwar doka ce za ta ba shi tsoro ba. Mai shago na kirki ne zai sha wahalar duba katin shaidar magidanta, tunda haramcin zai ci gaba da bin waɗanda ya shafa ko bayan sun girma.

Shawarata ita ce gwamnati ta ware wa ƙananan hukumomi kuɗi na musamman su ƙara jami'an da ke zagaya shaguna, a kuma tilasta wa duk mai sayar da taba riƙe lasisi, a ƙwace shi daga wanda aka kama sau biyu. Kada kuma a rage kuɗin cibiyoyin da ke taimaka wa masu son daina sha.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Birmingham, Ingila